An kira Kawuna wai daga sashen fasaha, kuɗin manoman dankali ya tafi

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu ke nan ina juya maganar nan a raina, domin mai abin bai so kowa ya ji ba. Sai da na roƙe shi sannan ya yarda, da sharaɗin kada a ambaci sunansa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, dillalin dankalin Turawa a Farin Gada. Ya haura shekara sittin, kuma duk wanda ya san shi ya san ba mutum ne da ake yi wa wayo a ciniki ba.

Ranar Talata bayan la'asar yana tsaye ana loda buhuna a motar Kano, sai kira ya shigo. Mai maganar Hausa ce a bakinsa tsantsa, ya gaishe shi da "Baba", ya kira cikakken sunansa har da na mahaifinsa. Ya ce daga sashen fasaha na kamfanin layinsa yake kira, wai na'urarsu ta nuna wasu sun shiga wayarsa daga wata jiha, kuma in ba a toshe su cikin rabin awa ba za su kwashe abin da ke bankinsa. Kawu yana jin rediyo, don haka ya ce masa, "Yaro, in lambar sirri kake nema ba zan ba ka ba." Sai mutumin ya ce, "Subhanallahi Baba, duk wanda ya tambaye ka lambar sirri ɓarawo ne, ko da ni ne." Kawu ya ce wannan maganar ce ta kwantar masa da hankali.

Ya turo masa wani abu ta WhatsApp ya ce ya danna, ya sauke, duk inda aka tambaye shi ya amsa da yarda. Wasu lambobi suka fito a fuskar wayar, ya karanto masa. Daga nan ya ce ya buɗe manhajar bankinsa ya duba ko kuɗinsa suna nan. Kawu ya buɗe, ya sa lambarsa da hannunsa, ya ga kuɗi suna nan, har ya yi hamdala. Sai aka ce ya kifa wayar a kan benci minti goma sha biyar kada ya taɓa, ana wanke ta. Da ya ɗaga, naira 740,000 sun fita kashi huɗu.

Abin da ya hana shi barci, yawancin kuɗin ba nasa ba ne. Na manoman Bokkos da Mangu ne da suka ba shi kaya bisa amana. Mun je banki washegari da safe, aka ba mu fom muka cike, aka ce mu jira. Ina neman shawara, kuma ina so in san wa ke da alhakin hana irin wannan, don ni dai ban ga alamar akwai mai tsare mu ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar masa da mafi alheri. Ka gaishe shi, ka ce kada ya sa abin a ransa har hawan jini ya kama shi.

Saurayin Gangare:
Allah Ya kyauta. Amma Yaya gaskiya a faɗe ta, kullum ana shela a rediyo da masallatai, bankuna suna turo saƙo kada a yarda da kowa. Mutum bai san ka ba ya ce ka sauke abu ka sauke? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Gyaran Waya, Terminus:
Ƙanina, ka sake karanta labarin a hankali. Abin da ake shela shi ne kada ka ba da lambar sirri, kada ka ba da lambar katinka, kada ka karanta lambar OTP, wato lambar da banki ke turo maka ta saƙo don tabbatar da tura kuɗi. Dattijon nan bai ba da ko ɗaya ba. Ya bi abin da aka koya masa sau da ƙafa. Ɓarayin ne suka canza hanya, shelar kuma tana nan inda take tun shekara biyar.

Bari in bayyana abin da aka sa masa, don kusan kowane mako sai an kawo mini waya irin wannan. Akwai manhajojin da ake sarrafa waya ko kwamfuta daga nesa da su, irin su AnyDesk da TeamViewer. Asalinsu na halal ne, injiniyoyi ke amfani da su su gyara kwamfutar ofis ba tare da sun taso ba. Da zarar ka sauke, sai ta ba ka wata lamba. Wanda ka karanta wa lambar nan, ka kuma danna yarda, to fuskar wayarka ta koma gabansa. Abin da kake gani yana gani, abin da ka danna yana kallo. Shi ya sa ba ya bukatar tambayarka komai: da ka buɗe bankinka ka sa lamba, ya riga ya rubuta. Saƙon OTP da banki zai turo shi ma a gabansa zai sauka. Cewa da ya yi a kifa wayar, don kada Kawu ya ga tana motsi ita kaɗai ne.

Wani lokacin ma ba waɗannan sanannun ba ne, wata manhaja ce suka ƙera da kansu, su sa mata tambarin kamfani su turo ta WhatsApp. Ita tana neman izinin karanta saƙonni, sai ta riƙa tura musu duk abin da ya shigo. Akwai kuma masu kiran bidiyo na WhatsApp su ce ka danna wurin da ake nuna wa wani fuskar waya.

Yaya, kafin komai: kada Kawu ya sake buɗe banki a wayar nan. A kashe data, a kawo a goge ta gaba ɗaya, a canza duk lambobin sirri daga wata wayar. A kuma danna ##002# a kira, don wani lokaci suna sa mutum ya karkatar da kiransa zuwa layinsu bai sani ba, wannan lambar tana soke duk wani karkatarwa. Ka kawo ta, ba zan karɓi ko sisi ba.

Ɗan Anguwar Rogo:
Na gode ƙwarai Oga, Allah Ya saka da alheri. Tun ranar wayar a kashe take cikin aljihun babbar rigarsa, ya ƙi ko kallonta. Gobe in sha Allahu zan kawo.

Mai Shagon Buga Takardu, Bauchi Road:
Ni ma saura ƙiris a watan jiya. Wata ɗaliba ta zo buga aikin makaranta, muna neman wani abu a intanet, kawai sai allon kwamfutar ya cika da shuɗi, ƙara tana tashi kamar jiniyar motar asibiti, wata murya da Turanci tana cewa an kulle kwamfutar, kada a kashe, a kira wata lamba yanzu. Ga tambarin Windows a sama. Linzamin ya ƙi fita daga wurin. Wallahi hannuna rawa yake, don duk aikin mutane yana ciki, har da takardun da aka riga aka biya ni. Na ɗauki waya zan kira, Allah Ya sa lambar ta ƙasar waje ce ba ni da katin da zai kai. Sai yaron shagon kusa da ni ya zo ya danne maɓallin Esc na ɗan lokaci, ya rufe shafin, shi ke nan. Ashe babu abin da ya sami kwamfutar, shafi ne kawai ya baje ya rufe allo.

Mai Gyaran Waya, Terminus:
Haka ne Anti. Microsoft da kansu sun sha faɗa cewa saƙon gargaɗinsu na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya, kuma ba sa kiran mutum haka kawai su ce kwamfutarsa ta lalace. Da kin kira, da sun sa kin buɗe wani wuri a Windows da ake kira Event Viewer. Kowace kwamfuta, ko yau aka ciro ta daga kwali, in ka buɗe wurin nan za ka ga jerin alamomi ja da rawaya, ƙananan bayanai ne na yau da kullum da ba sa cutar da komai. Su kuma sai su ce ga shaidar ƙwayoyin cuta ɗari da hamsin. Wanda bai sani ba dole gabansa ya faɗi.

Ɗan Jos a Ingila:
Salamu alaikum. Nan dare ya yi amma na kasa wucewa ban ce komai ba. Saurayin Gangare, ina so ka san cewa wannan sana'ar ta girmi wayar da ke hannunka, kuma ta cinye mutanen da aka haifa cikin kwamfuta. A nan da Amurka ta fi shekara goma sha biyar tana ci. Tun a 2012 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai wasu kamfanoni kotu kan wannan, yawancinsu daga Indiya suke kira. Har yau ba ta mutu ba. Rahoton hukumar bincike ta Amurka, FBI, na shekarar 2023 ya nuna ƙorafi sama da 37,000 a kan damfarar gyaran kwamfuta kaɗai, asarar ta haura dala miliyan 900, kuma kusan miliyan 590 daga ciki na waɗanda suka haura shekara sittin ne. Waɗanda suka kai ƙara ke nan fa, ban da waɗanda kunya ta sa suka yi shiru.

Ina aikin kula da tsofaffi, na ga abin da idona. Wata tsohuwa da nake zuwa gidanta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, an yi mata wadda suke kira ta mayar da kuɗi. Suka ce za su dawo mata da kuɗin wani tsarin kariya da ta taɓa biya. Suka shiga kwamfutarta, suka sa ta buɗe shafin bankinta, suka baƙanta allon na ɗan lokaci, suka canza rubutun da ke shafin ta yadda zai nuna an turo mata dubbai maimakon ɗaruruwa. Ba ko kwabo da ya shiga, rubutu ne kawai, da ta sabunta shafin da ya ɓace. Sai mutumin ya fashe da kuka wai ya yi kuskure, za a kore shi daga aiki, 'ya'yansa za su kwana da yunwa. Ita kuma don tausayi ta tafi kanti ta sayi katunan kyauta ta karanto masa lambobin. Ka ga wannan ba kwaɗayi ya kai ta ba, kirki ne. Shi ma Kawu tsoron kada amanar mutane ta salwanta ne ya sa ya bi.

Ana yaƙarsu dai. Akwai wani mai suna Jim Browning a YouTube da ya shiga kyamarorin wani ofishinsu a kusa da Delhi, BBC ta nuna a 2020, 'yan sanda suka kai samame. A watan Oktoba na 2023 hukumar bincike ta Indiya, CBI, ta kai samame wurare 76 da taimakon Microsoft da Amazon. Amma ana rufe ɗaya wani na buɗewa, don jarin bai wuce ɗaki da kwamfutoci da layin intanet ba.

Saurayin Gangare:
To na ji, na kuma janye yadda na faɗe ta. Allah Ya ba Kawu haƙuri. Amma tambayata: ta ina suka san sunansa har da na mahaifinsa? Ta ina suka san ranar da kuɗi ke ciki? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na fi zargin na cikin banki.

Hajiya Mai Atamfa:
Wannan tambayar ita ce tawa. Ni ranar da aka turo mini kuɗin kaya daga Lafiya, kafin magariba an kira ni wai BVN ɗina ya samu matsala.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki:
Na yi shekara goma sha ɗaya a banki kafin na bari, ba zan rantse cewa duk ma'aikaci tsarkakakke ne ba. Ana samun ɓata-gari, ana korarsu, wasu ana gurfanar da su. Amma ku duba inda sunanku da lambarku suke yawo. Dillali yana rubuta lambar asusunsa a kwali ya rataye a rumfa. Duk wanda ya sa lambar nan a manhajar bankinsa kamar zai tura kuɗi, cikakken suna zai fito masa, kyauta. Lambar waya tana jikin allon shago. Muna cike fom ɗin tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp, mu sa NIN da BVN da ranar haihuwa, ba mu san wa ya ƙirƙire shi ba. Muna ba da hoton katin zama ɗan ƙasa a shagon rajistar layi, a bar kwafinsa a kan tebur. Batun ranar da kuɗi ke ciki kuwa, wanda ya san lokacin dankali ya san dillalin Farin Gada ba ya rasa kuɗi a asusu. Suna kiran mutum ɗari, wanda aka dace da shi sai ya ga kamar an san sirrinsa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. Ɗan Anguwar Rogo, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: daga la'asar zuwa safiya tazara ce mai tsawo. Kuɗin da aka tura yana isa nan take, su kuma cikin mintuna suke rarraba shi zuwa asusu biyar ko goma, su cire. Kowane banki yana da layin kira na dare da rana a bayan katin ATM, kuma yana da lambar da za ka danna ko daga wayar wani ka rufe asusunka. In aka kira da wuri, bankinka zai tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a ɗaure asusun, a hana fitar da komai. Ina roƙon kowa a zauren nan yau ya nemi lambar rufe asusu ta bankinsa ya rubuta a takarda, ba a cikin waya ba.

Ɗan Anguwar Rogo:
Anti, ba mu san da wannan ba wallahi. Kuma shi Kawu bai gaya wa kowa ba sai bayan sallar isha'i. Ya zauna a rumfa shi kaɗai har aka watse, yana sake kiran lambar tana kashe. Matarsa ce ta ga ya kasa cin tuwo ta matsa masa. Amma duk da haka ina da ƙorafi. Mutumin da bai taɓa tura fiye da dubu ɗari biyu a rana ba, a ce an fitar da kashi huɗu cikin minti goma zuwa asusun da bai taɓa hulɗa da su ba, na'urar banki ba ta ga wani abu ba? In ni na yi kuskuren lamba sau uku nan take ake rufe ni.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki:
Wannan ƙorafin naka yana kan hanya, ba zan kare su a nan ba. Daga wayarsa aka tura, da lambarsa, shi ya sa na'ura ta ɗauka shi ne. Amma ya kamata irin wannan fita ta sa a dakata a kira mai asusu. Ka rubuta wannan a takardar ƙorafinka yadda ka faɗe shi nan.

Mai POS, Katako:
Ku bar ni in faɗi namu ɓangaren, don kullum mu ake zagi. Yaro zai zo da tsabta, ya ce an turo masa kuɗi zai cira, ko ya ce ɗan'uwansa zai turo ta asusuna in ba shi a hannu. Alat ya shigo, na ƙirga na ba shi, na ɗauki ladana na ɗari biyar. Bayan mako biyu a ɗaure mini asusu, a ce kuɗin sata ya bi ta wurina. An taɓa riƙe mini jarina wata biyu a kan haka, yarana suka koma gida don kuɗin makaranta. Tun daga ranar, duk wanda zai cire sama da dubu hamsin ta hanyar turowa sai na ga katin shaidarsa na rubuta a littafi, na ɗauki hotonsa. Wasu su yi fushi su tafi wurin na gaba. To ina amfanin ni na tsaya na kusa da ni bai tsaya ba? Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har tsofaffin da ba su taɓa yi ba, amma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Malamin Islamiyya, Rikkos:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka. Abu biyu ne a raina.

Na farko, wanda aka zalunta ba a ƙara masa da zargi. Dattijon nan bai nemi riba ba, bai shiga cacar kuɗi ba, tsare amana ya je yi. In muka mayar da shi abin dariya, gobe wanda aka yi wa zai ɓoye, kuma kun ji daga bakin 'yar'uwarmu cewa jinkirin faɗa shi ne ke ba ɓarawo damar kwashewa. Kunyar nan da muke ɗora wa mutane, aiki take yi wa ɓarayi.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Mai kiran nan da Hausa ya yi magana. Ya ce "Baba", ya ce "Subhanallahi". Ba daga Indiya ya kira ba. Ɗanmu ne, wata uwa ce ta haife shi, wataƙila ya zauna a gaban wani malami irina. Da can muna cewa 'yan yahoo mutanen wani wuri ne. Yanzu a unguwanninmu akwai yaron da ba ya fita aiki, yana ɗaki da waya uku, ya sayi mashin, ya canza wa uwarsa kujeru, kuma ba wanda ya tambaye shi daga ina. Har addu'a ake sa masa.

Saurayin Gangare:
Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Amma a duba, abokaina nawa suka gama jami'a suna zaune. Ba ina halatta ba ne, amma yunwa ba ta da kara.

Malamin Islamiyya, Rikkos:
Ɗana, na san zaman banza yana da ciwo, ina da masu digiri biyu a gidana suna jira. Amma manomin Bokkos da ya yi wata uku yana fama da taki mai tsada da ciwon ganyen dankali, shi ma yunwar yake gudu. Wanda ya iya zama ya tsara magana har ya shawo kan dillalin da ya shekara talatin a kasuwa, yana da basirar da zai ci halal da ita.

Lauya, Abuja:
Na shigo a makare, ku gafarce ni. Doka dai akwai. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, ta haɗa da shigar burtu da sunan wani da satar bayanai, har da ma'aikacin banki da ya ci amanar aikinsa. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Matsalarmu ba rashin doka ba ce.

EFCC na kamawa. A watan Disamba na 2024 sun kama mutum 792 a wani bene guda a Victoria Island da ke Legas, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Su damfarar soyayya da ta zuba jari suke yi wa mutanen ƙasashen waje, amma tsarin ɗaya ne: ɗaki cike da matasa, kowa da waya da rubutaccen abin da zai faɗa. Sai dai irin wannan babban kamu shi ke shiga labarai. Dubu ɗari bakwai na dillalin dankali, in ba a bi ba, fayil ne zai kwanta.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka rubuta ƙorafi ga banki a takarda, ba fom kaɗai ba, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, a ba ka lambar ƙorafi. Ka nemi bayanan asusun na ranar, zai nuna sunaye da bankunan da kuɗin ya shiga. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi takarda, domin sau da yawa sai da umarnin kotu ake dawo da abin da aka ɗaure. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta ba ka dama ka kai ƙara sashensu na kare masu hulɗa da bankuna. Ka kuma aika wa EFCC, suna da manhajar Eagle Eye, ko ka turo mini takardun in kai hedikwatarsu da ke Jabi da kaina. Lambar da aka kira shi da ita kuma a kai ƙorafinta ga kamfanin layin, in ba su yi komai ba a kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne. Ba zan yi maka alkawarin kuɗi zai dawo duka ba.

Mai Gyaran Waya, Terminus:
Barista, tambaya. Tun Disamba 2020 aka tilasta mana haɗa layi da NIN, mun sha layi a rana, an rufe wa mutane layuka. An ce don a riƙa gane masu laifi ne. Asusu kuma ba ya buɗuwa sai da BVN ko NIN. To me ya sa har yanzu ɓarawo ke kira da layi, ya karɓi kuɗi a asusu, a ce ba a san shi ba?

Lauya, Abuja:
Saboda sunan da ke jikin layin da asusun ba nasa ba ne. Ana zuwa ƙauye ko sansanin masu gudun hijira a ce za a ba da tallafi, a karɓi NIN ɗin mutane a yi rajista da shi. Ana ba ɗalibi dubu biyar ya buɗe asusu ya miƙa katin. In an bi sawu sai a tarar da wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, ko yaron da ya sayar da sunansa bai san zai kwana a caji ofis a kai ba. Ku gaya wa ƙannenku, wanda ya ba da aron asusunsa shi doka za ta fara kamawa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai abin da na yi wa mahaifiyata, na ce mata duk wanda ya kira ya ce daga banki ne ko kamfanin waya, ta ce masa "ɗana zai kira ka", ta kashe. Ko da gaskiya ne ba abin da zai lalace kafin mu je ofishinsu da ƙafarmu. Sau biyu tana yin haka, ɗayan har zaginta ya yi.

Shugaban Zaure:
Na maƙala bayanin Oga mai gyara da na Anti ta banki da na Barista a saman zaure. Amma waɗanda ake yi wa wannan ba sa cikin zauren nan, kuma da yawansu ba sa karanta dogon rubutu. Ina ganin a yi shi da murya, minti biyu, da Hausa, a tura wa iyaye. Malam, ko za a samu a taɓo shi bayan sallar Juma'a?

Malamin Islamiyya, Rikkos:
Zan yi wa liman magana yau. Amma a rubuto mini daidai abin da zan faɗa game da manhajar nan, kada in je in ce abin da ba haka ba.

Ɗan Anguwar Rogo:
Jama'a, ga inda aka kwana. Na kai wayar Terminus an goge, Oga ya nuna mini manhajar, tana nan da tambarin kamfani kamar gaske. Mun kai takardar ƙorafi an buga hatimi. Ɗaya daga cikin asusun huɗun an same shi da saura naira 112,000, an ɗaure, an ce sai mun kawo takardar kotu. Sauran ukun babu komai. Barista, zan turo maka hotunan takardun da daddare.

Jiya na karanta wa Kawu abin da kuka rubuta, musamman na Malam da na tsohuwar Ingila. Ya daɗe bai ce komai ba. Da safe ya sa aka kira manoman su uku ya gaya musu da bakinsa, ya ce zai sayar da filinsa na hanyar Zariya ya biya su. Ɗayansu ya ce a bar maganar fili, a biya shi kaɗan-kaɗan zuwa kaka mai zuwa. Ya kuma ce in gaya wa Shugaba, in za a yi saƙon muryar, shi zai yi da kansa, kuma ranar taron dillalai zai tashi ya faɗa a gaban kowa. Oga mai gyara, ya ce in tambaye ka ko za ka samu zuwa Farin Gada ranar Asabar da hantsi, ka zo da waya ka nuna musu yadda abin yake a fili.

Mai Gyaran Waya, Terminus:
Zan zo da waya biyu, in sa ɗaya ta sarrafa ɗayar su gani da idonsu. Ƙarfe goma ya yi?